RA'AYI: Idan mota ta zama ɗakin kwana, ina ya kamata ƙofa ta kalla?

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Bature ya sayi tsohuwar babbar mota, ya ɗora mata akwati a baya, ya mayar da shi ɗaki mai gado da madafa da makewayi, ya kama hanyar yawon duniya. Matasanmu suna kallo suna sha'awa, wasu 'yan uwanmu da ke zaune a Faransa da Beljiyam da Amurka har suna turo hotunan ga masu walda na gida, wai a ƙera musu irinta. A can ƙasashen, masu wannan sha'awa sukan raba dare suna musu a kan abubuwa biyu: gefen da za a yanka ƙofa, da wurin da za a sa mahaɗar wuta da ta ruwa.

Mai karatu zai iya cewa musun masu ƙoshi ne. Ni kuwa ina ganin babu inda wannan musu ya fi dacewa a yi shi da gaske kamar Gaya, domin a can kwana a mota ba sha'awa ba ce, dole ce.

Gaya tana kudancin jihar Dosso, a bakin kogin Kwara. Gada ɗaya ce tsakaninta da Malanville ta ƙasar Benin, kuma 'yar tafiya kaɗan ce zuwa Kamba ta jihar Kebbi. Shekara da shekaru, kaso mafi tsoka na kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku a tashar Kwatano aka riƙa sauke su kafin Yulin 2023, a yi tafiyar fiye da kilomita 700 zuwa Malanville, a haye gada, sannan a kama hanyar Dosso mai kimanin kilomita 150. Ko a lokacin da komai ke tafiya daidai, direba yakan yi kwanaki a bakin iyaka yana jiran takardu. Da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, gadar ta rufe, ɗaruruwan manyan motoci suka tsaya cik, har da masu ɗauke da kayan agaji na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, Najeriya da Nijar suka buɗe iyakarsu a watan Maris, amma Yamai ta bar gadar Gaya a rufe. Kaya suka koma kwalekwale, manyan motoci da yawa suka koma hanyar Lome ta ratsa Burkina Faso, inda ake jiran rakiyar sojoji kafin ayari ya motsa. Kafin wannan ma, direbobin Najeriya sun ɗanɗani irinsa lokacin da Abuja ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020.

Siyasar wannan lamari ba ita ce a gabana ba yau. Abin da ke gabana shi ne mutum uku, direba da yaransa biyu, da suka shafe makonni ko watanni ba su da gida sai mota. Ku dubi yadda suke rayuwa. Direba yana kwana a ɗan gadon da ke bayan kujera, in motar tana da shi. Yaran mota suna shimfiɗa tabarma ko kwali a ƙarƙashin tirela, su ɗaura gidan sauro a jikin ƙarfe. Akwai akwatin ƙarfe da mai walda ya liƙa a gefen shasi, a ciki ake ajiye risho ko kurfoti da tukunya da shinkafa da ganyen shayi. Ga jarkar ruwa an ɗaure da igiya, ga buta. Wayar caji kuwa an maƙala ta a kan batir da hannu, an naɗe da leda. Wato dai gidan mota muna da shi tun kafin mu ga na Turawa, sai dai namu ba wanda ya zauna ya tsara shi. Mai motar yana lissafin tan nawa za ta ɗauka, maƙeri yana yin abin da aka ce ya yi, shi kuwa wanda zai kwana a ciki ba a tambaye shi ba.

Mu fara da ƙofa. A Nijar da Benin ta hannun dama ake tuƙi tun zamanin Faransawa, Najeriya ma ta koma hannun dama a watan Afrilun 1972. Ma'ana, duk motar da ta tsaya a gefen titi, ɓangarenta na hagu yana kallon motocin da ke wucewa, na dama kuma yana kallon daji ko shaguna. Don haka ƙofar ɗaki, ko murfin akwatin girki, wurinsa hannun dama ne. Magana ce mai sauƙi har ta kusa zama abin dariya, amma ku lura da motocin da ke jere a Tafa ko Mararrabar Jos ko bakin Gaya, za ku ga akwatuna a hagu, saboda a nan mai walda ya ga fili. Yaron da ya tashi da asuba idonsa cike da barci, ya durƙusa yana hura gawayi a hagun mota, bayansa yana kan kwalta. Ɗan acaɓa ɗaya da ba shi da fitila ya isa.

Masu turo hoto daga waje su kula da wannan sosai. Wanda ya kwaikwayi motar Ingila, ƙofarta a hagu take, domin su ta hagu suke tuƙi. Wanda ya kwaikwayi akwatin da Amurkawa ke ɗorawa a kan ƙaramar motar ɗaukar kaya kuwa, galibi ƙofarsa a baya take. Ƙofar baya tana da daɗin gani, tana kuma bar wa maƙeri bangon dama da na hagu ya jera gado da kabad yadda yake so. Amma an tsara ta ne don wurin da kowa ke da filinsa shi kaɗai. A layin iyaka motoci hanci da wutsiya suke tsayawa, kowa na tsoron kada wani ya shige gabansa. Idan na bayanka ya matso har ya kusa taɓa ka, ƙofarka ta zama bango. Sannan duk wanda ya taɓa zama a bayan a-kori-kura a hanyar burji ya san inda ƙura ke taruwa. Iska tana murɗawa a bayan mota, ta tsotso ƙura da hayaƙin salansa ta manna su a jikin ƙofa, duk wata 'yar kafa kuma sai sun shiga ta cikinta. A lokacin hunturu, tafiyar awa biyu ta isa ka tarar da gadonka ya koma ja.

Ƙofar gefe ma ba ta tsira ba. A garejin manyan motoci kafaɗa da kafaɗa ake jerawa, tazarar da ke tsakani wani lokaci ba ta wuce mutum ya ratsa a karkace ba. Ƙyaure mai faɗin santimita 70 da ke buɗewa waje zai bugi motar maƙwabci kafin ya buɗe rabi. A nan maƙeri yake da zaɓi: ko ƙofa mai zamewa a kan dogo, ko mai ɓari biyu da kowanne bai wuce santimita 35 ba. Mai zamewa tana da kyau ranar da aka ƙera ta, amma yashi maƙiyinta ne, kuma toshe kafofinta yana da wuya. Ni na fi karkata ga mai ɓari biyu, domin kowane mai walda a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko kasuwar Katako ta Yamai zai iya gyara ta da abin da ke hannunsa. Idan kuma ƙyaure ɗaya za a yi, to maƙalarsa ta kasance ta ɓangaren gaba, yadda in an manta ba a kulle ba, iskar tafiya za ta tura shi ya rufe, ba ta fizge shi ta yar a titi ba.

Magina na gargajiya a ƙasar Hausa ba sa son ƙofar ɗaki ta kalli gabas, saboda daga can hadari ke tasowa da iska da ruwa. Gaya kuwa tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duk Nijar, shi ya sa take da rake da shinkafa da kurmin giginya. Mota ba ta da gabas da yamma tsayayyu, inda layi ya juya ta nan take kallo. Saboda haka abin da magini ke samu ta hanyar zaɓen fuska, maƙerin mota sai ya same shi da indararo a saman ƙofa, da dokin ƙofa mai ɗan tudu, da 'yar rumfar tamfol da ake warewa. Wannan rumfa ita ce ainihin falon direba. A nan ake salla, a nan ake cin abinci, a nan ake shan shayi ana sauraren rediyo ko za a ji labarin buɗe gada. A bakin kogi kuma, inda sauro ke da sarauta, ƙyauren raga a bayan na ƙarfe ba ado ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali, wato kwaɗo. Al'adar masu waldarmu ita ce su liƙa kunnuwa biyu a waje a rataya kwaɗo. Ga shagon kaya wannan daidai ne. Ga ɗakin da mutum zai kwana a ciki kuwa tarko ne. Ɓarawon da ya zo satar batir ko mai da dare, tsinke ɗaya zai zura a kunnuwan ya kulle ku a ciki, ya yi aikinsa a natse. Idan gobara ta tashi, ba sai na faɗa ba. Makullin ɗakin kwana dole ya zama wanda ake buɗewa daga ciki da hannu ɗaya, a cikin duhu, ba tare da neman mabuɗi ba. Kuma mafita ɗaya ba ta isa ba. Mota takan faɗi a kan gefenta, in ta faɗi ta dama ƙofar tana ƙasa. Taga a ɗaya ɓangaren wadda babban mutum zai iya fita ta cikinta, ba a yi mata ƙarafan tsaro na dindindin ba, ko murfi a rufi, shi ne bambanci tsakanin jinya da jana'iza. Dokar sufuri ta Amurka ta tanadi cewa wurin kwanan direba sai ya kasance da hanyar fita mai sauƙi, kuma a inda hayaƙi ko yoyon mai ba za su shiga ba. Ba sai mun jira majalisa ta rubuta mana wannan ba.

Akwai wani abu da matasa masu koyon walda ya kamata su riƙe. Shasin babbar mota ba sandararre ba ne, an yi shi ne ya riƙa murɗewa kaɗan idan ƙafa ɗaya ta faɗa rami. Idan ka ɗauki akwati ka yi masa walda kai tsaye a jikin shasi, to duk murɗewar nan a jikin akwatin za ta ƙare, kuma wurin da ya fi rauni shi ne inda ka yanka ƙofa. Shi ya sa za ka ga ƙofar da ke rufuwa lafiya a gareji, amma da mota ta tsaya a karkace sai ta cije, sai an sa ƙafa. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan motoci sun hana walda da huda a leɓen shasi. Abin da ake yi shi ne a shimfiɗa wani firam a tsakani, a ɗaure shi da kusoshi yadda zai ɗan yi motsi, sannan a ƙarfafa kusurwoyin ƙofa. Haka nan motocin Turai da muke saye na hannu, irin su DAF da MAN da Renault da Mercedes, da Howo ta Chaina, kansu kifawa yake gaba idan za a duba inji. Duk abin da aka gina a bayan kai ba zai haɗu da shi ba, duk wayar da ta ratsa tsakaninsu kuma sai an bar mata sako-sako. A kan kan tirela ma babu filin ɗaki a bayan direba, domin nan ne tirela ke juyawa idan an sha kwana. Masu tirela rabonsu akwatunan gefe ne da rumfa, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Sai batun wuta da ruwa, inda kwaikwayo ya fi cutar da mu. A Amurka mahaɗar wuta da ta ruwa galibi a hagun mota suke, saboda a sansanonin masu yawon buɗe ido akwai ɗan turke a wannan gefen mai soket da famfo da ramin zubar da ƙazanta. Wutarsu bolt 120 ce. A Turai akwai wani shuɗin fulogi na musamman mai bolt 230 da kowane sansani ke da shi. Duk tsarin motarsu a kan wannan turke aka gina shi. To a Gaya wane turke za ka samu? Ruwanka daga ɗan garuwa yake zuwa, a jarka mai lita 25. Wutarka daga rana take, ko daga batir, ko daga mai shagon da ya yarda ka ja waya ka biya shi. Wanda ya ƙera mota da bakin tiyo irin na Amurka a hagu, ya sayi ado ne kawai.

Bakin zuba ruwa wurinsa dama, nesa da titi, kuma a tsayin da mutum zai iya kifa jarka ba tare da ya ɗaga ta sama da ƙirjinsa ba. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka guda kilo 25 ke nan. Ya zama mai faɗi, mai rariya, kuma murfinsa kada ya yi kama da na tankin mai ko ya kusance shi, domin yaron da aka aika da dare ba zai tsaya karanta rubutu ba. Ƙungiyoyin agaji suna lissafa lita 15 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata a rana don sha da girki da tsafta. Mutum uku lita 45 ke nan, tankin lita 200 zai kai su kwana huɗu da ɗan wani abu. Da yawa sukan so su ɗora tankin a rufi don ruwa ya sauko da kansa. Kilo 200 da ke tangaɗi a saman motar da dama lodinta ya yi tsayi ba dabara ba ce. Wurinsa ƙasa, tsakanin ƙafafu, da ɗan famfon hannu ko na ƙafa. Kan famfon kuma ya fito waje, a tsayin gwiwa, kusa da rumfa, yadda za a yi alwala ba sai an hau an sauka ba. Ruwan wanke-wanke a bi da shi ta ƙarƙashi zuwa can baya, kada ya jiƙa inda ake shimfiɗa darduma.

Wuta ta fi ruwa hatsari. Manyan motoci da bolt 24 suke aiki, batir biyu masu bolt 12 aka haɗa a jere. Abin da yaran mota suka saba shi ne su maƙala waya a kan guda ɗaya don su samu 12 na fanka da cajin waya. Sakamakon haka ɗaya yana zuƙewa, ɗaya yana cika fiye da kima, bayan 'yan watanni duka biyun su mutu, mai mota kuma ya ce direba ne ya sayar da masu kyau. Ranar da aka buɗe hanya bayan dogon jira, motar da batirinta ya kwanta ita ce ke tare layi. Wasu kuma sukan tayar da inji a tsaye don caji, alhali babban inji yana shan kimanin lita 2 zuwa 3 a awa ko bai motsa ba.

Maganin ba shi da tsada idan aka kwatanta da farashin taya ɗaya. Batir na daban don ɗaki, faifan sola a rufi, da ɗan akwatin da ke daidaita caji. Mu yi lissafi. Fanka mai wat 20 na awa 10 ta ci 200. Ƙwan fitila biyu masu wat 5 na awa 5 sun ci 50. Wayoyi huɗu, a ce 60. Jimla ta ɗan haura 300 a rana. Faifai mai wat 150 a ranar Sahel, ko an cire asarar zafi da ƙura, zai iya ba da kusan 500. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1,200, in ka tsaya a kan rabinsa don ya daɗe kana da 600. Ya isa har da rara, in dai ana goge faifan. Wanda ke mafarkin na'urar sanyaya ɗaki a kan wannan kuwa ya farka. Abin da zai rage masa zafin watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, shi ne farin fenti a rufi, soso ko katako tsakanin ƙarfe da ɗaki, da tagogi biyu masu kallon juna.

Abu biyu ne ba a yi musu rangwame. Na farko fis, a sa shi dab da kan batir, ba can kusa da fanka ba. Na biyu kaurin waya. Na'ura mai wat 600 a wutar gida ba ta jan amfiya 3, amma a kan bolt 24 amfiya 25 take ja. Siririyar wayar da ke ɗaukar wannan a gida lafiya, a mota narkewa za ta yi, kuma a gefenta akwai tanki mai ɗaruruwan litoci na mai.

Ga kuma matsalar da sai ɗan iyaka ya san ta. Soket ɗin Najeriya irin na Ingila ne, mai baki uku masu kusurwa. Na Nijar da Benin irin na Faransa ne, mai zagayayyen baki biyu. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, bakin ne ya bambanta. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Kamba da Gaya da Malanville tana buƙatar duka biyun, a kan doguwar waya mai kauri, ba a riƙa feɗe waya ana cusa ta a soket da tsinken ashana ba. Kada a yarda da wayar da ke da fulogi a kowane ƙarshe, domin da an jona ɗaya, ɗayan ya zama tsirarar wuta a hannun yaro. A sa mahaɗar a cikin ɗan akwati mai murfi, sama da inda taya ke watso ruwa, a haɗa da abin da ke katse wuta da kansa idan ta fara yoyo. Jikin mota ƙarfe ne, ƙasa a jiƙe take da damina, mutum kuma ba takalmi yake sauka alwala ba. 'Yan uwa na Amurka kuma su daina turo kayan bolt 120 ba tare da na'urar rage wuta ba.

Tukunyar gas ba ta kwana ɗaki ɗaya da mutum. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Akwatinsa ya zama mai buɗewa daga waje, mai huda a gindi, nesa da batir da salansa. Kurfoti ma haka. A daren hunturu akwai jarabar shigo da garwashi ɗaki a rufe ƙofa, alhali gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe iyali guda da hayaƙin janareto. Ga motocin dakon mai kuwa, ba maganar girki a jikinsu sam, ko a dama ko a hagu.

Na san abin da masu motoci za su ce. Kowane rabin mita da aka ba ɗaki, buhuna ne aka rage. Kuma dokar UEMOA ta 2005 a kan nauyi da girman manyan motoci ta ƙayyade faɗi da tsayi, ba za a yi ta liƙe-liƙe a gefe yadda aka ga dama ba. Gaskiya ne. Amma mafi yawan abin da na lissafa ba ya cin ko taku ɗaya na wurin kaya. Mayar da akwati daga hagu zuwa dama, sauya makulli, sa fis, ƙara batir, duk ba su rage buhu ko ɗaya ba. Alhaji ya lissafa kuɗin batir biyu da yake sauyawa kafin lokaci, da man da ake ƙonawa a tsaye, da kwanakin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da direba, sannan ya gaya mana wanne ya fi tsada. Direban da bai yi barcin kirki ba kwana goma, shi za a miƙa wa dukiya ta miliyoyi ya hau kwalta da ita.

Akwai kuma ido na jami'an kwastan, waɗanda mutanen Nijar ke kira duwan. Kayan da ke ratsa ƙasa a rufe suke da hatimi, duk wani lungu da ba a gane kansa ba a jikin mota kuwa abin zargi ne. Saboda haka ɗakin kwana kada ya kasance da wata kafa da ke shiga wurin kaya. Ƙofarsa daban, a fili, ana buɗe ta jami'i ya ga komai da kallo ɗaya, kuma sauyin da aka yi wa motar ya shiga takardunta. Wannan ma wani dalili ne na fifita ƙofar gefe.

A Tarayyar Turai an hana direba yin babban hutunsa na mako, mai awa 45, a cikin mota, sai kamfani ya kama masa masauki. 'Yan uwanmu da ke tuƙi a can sun san wannan. Mu ba mu kai nan ba, kuma ban ga amfanin riya cewa mun kusa ba. Amma fili mai katanga a bakin iyaka, da famfo da makewayi da 'yan turakun wuta na sola da direba zai biya kaɗan ya jona, bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma da hukumar CNUT ta Nijar da ƙungiyoyi irin su NARTO da NURTW na Najeriya ba, ganin irin kuɗin da ake karɓa a kan kowace mota. Ranar da aka yi irin wannan fili, sai a zauna a amince da fulogi iri ɗaya da gefe ɗaya, masu walda su bi.

Kasuwar ma ba ta tsaya kan direbobin kaya ba. Akwai motocin asibitin tafi-da-gidanka, akwai 'yan kasuwa masu bin kasuwannin mako, akwai likitocin dabbobi masu bin makiyaya, akwai 'yan fim da ke kwana a ƙauye. A shekarun 1970 da 1980 Turawa sun riƙa ratsa Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas su sauko har gadar Gaya a irin waɗannan motoci, wasu su sayar da Peugeot ɗinsu su koma a jirgi. Rashin tsaro ya tsayar da wannan, har dajin W da ke kusa ya rasa baƙinsa. Amma mai buƙata ta gida yana nan, kuma matashin da ya iya walda ya kuma fahimci wutar sola, ya haɗa su wuri ɗaya, ba zai rasa aiki ba.

Ga wanda ke shirin turo kuɗi daga waje, ko Alhajin da zai kai motarsa gareji, kafin a kunna injin yanka a ɗauki alli a zana ƙofar a jikin bodi, a zana bakin ruwa da wurin batir da na gas. Sannan a kai motar a cusa ta tsakanin wasu biyu kamar yadda ake yi a layi, a kira direban da yaransa bayan isha'i, a ba ɗaya cikakkiyar jarka, a ce ya nuna yadda zai zuba ta, ɗaya kuma ya nuna ta inda zai fita idan wannan gefen ya toshe. Inda suka ce a goge allin, a goge a sake zanawa.